Zubar Jini Bayan Ɗaukewar Haila



Ni malamin Hausa ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga wannan magana. Bahaushe ba ya son kiran haila da sunanta, sai ya sakaya, ya ce mace tana al'ada, ko tana fashin salla. Wannan sakayawa ladabi ce. Amma akwai inda takan zama haɗari, wato sa'ad da dattijuwa ta ga jini bayan ta daɗe da daina gani, sai ta ce al'adarta ce ta dawo. Da wannan kalma sai hankalinta ya kwanta, alhali kuwa a nan ne ya kamata ya tashi.

A wurin likitoci, idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga haila ba, galibi tsakanin shekara 45 da 55, to, ta ɗauke ke nan. Duk jinin da ya ɓullo bayan haka, ko da ɗigo ɗaya ne, ba haila ba ne. Mafi yawa abin da ke kawo shi shi ne bushewa da sirancewar fatar mahaifa da ta farji saboda shekaru, ko wani ɗan tsiro marar lahani. Amma cikin mata 10 masu irin wannan jini, kusan 1 sankarar mahaifa ce ke damunta. Haka kuma kusan 9 cikin 10 na masu wannan sankara da jinin take bayyana gare su. Sankarar bakin mahaifa ma takan zo da shi. Idan an gano da wuri, sau da yawa aikin tiyata kan raba mace da cutar.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su ɗauki kowane jini haila ba. Sun ce jinin 'yar shekara 70 ba haila ba ne, na wadda ta haura 50 kuwa a tambayi mata masana. Amma hukuncin salla ne suka yanke. Binciken ciwon na likita ne.

To, a nan Zamfara, dattijuwar da ke ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu, wa za ta gaya wa? Kunya ba za ta bar ta ta gaya wa ɗanta ba, ko da shi ke riƙe da kuɗin mota. Saboda haka ku ɗalibai da ma'aikata, ku bi ta hannun yayyenku mata da gwaggonninku, saƙon ya isa cikin gida. A kai ta babban asibitin garin, in ya so a tura ta Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura. Likitan mata zai duba bakin mahaifa, ya ɗauki hoton ciki, in da hali ya ɗebo ɗan abu daga cikin mahaifar a gwada. Kada a jira a ga ko zai sake zuwa, kada kuma a tsaya ga jiƙo.