Wa Ke Tantance Manhajojin Ɗori a QGIS?

Tun da Gary Sherman ya fara rubuta QGIS a shekarar 2002, manhajar ta zama madogara ga duk mai son zana taswira a kwamfuta ba tare da ya sayi lasisi mai tsada irin na ArcGIS ba. Kyauta ce, kuma rubutun umarninta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Ɗalibanmu na sashen nazarin ƙasa da masu safiyo sun rungume ta, kuma sun yi daidai.

Sai dai ƙarfinta ba daga gare ta kaɗai yake ba. Akwai ƙananan manhajoji da wasu mutane daban suke rubutawa da harshen Python, a ɗora su a kanta domin su yi wani aiki na musamman, kamar ɗauko hoton tauraron ɗan'adam ko lissafa magudanar ruwa. Waɗannan manhajojin ɗori sun haura dubu a rumbun da QGIS ke kula da shi, kuma dannawa ɗaya ta isa a sauke kowacce.

Galibin masu saukewa suna ɗauka cewa duk abin da ya shiga rumbun an tantance shi ciki da waje. Ana dubawa kam kafin a amince: ko marubucin ya bayyana aikin manhajar, ko lasisinta ya dace da na GPL, ko ya nuna inda rubutun umarnin yake da inda za a kai ƙorafi. Amma masu dubawar 'yan sa-kai ne ƙalilan, ba za su bi kowane lissafi su tabbatar da amsarsa ba. Ga shi kuma manhajar ɗori, da zarar ta hau, tana da ikon da mai kwamfutar yake da shi. Tana iya buɗe fayilolinsa, tana iya aika bayani ta intanet.

Wanda yake ganin buɗewar rubutu ta wadatar, ya tuna abin da ya faru da xz Utils a watan Maris na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka ba shi amana, sannan ya cusa ɓoyayyiyar ƙofa. Injiniya Andres Freund ne ya gano ta, saboda jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi.

A ganina, kuskuren da ba ya ƙara ya fi mugun nufi barazana gare mu. Tsofaffin taswirorin Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, na'urar GPS kuwa da WGS 84 take aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai mitoci gommai. Idan manhajar ɗori ta haɗa su ba tare da juyawa ba, taswirar za ta fito tsaf, ba gargaɗi, alhali fulotin wani ya koma cikin na maƙwabcinsa. Duk wanda ya san yadda rikicin iyakar gona ke ƙarewa a kotu ya san nauyin wannan.

Ga kuma matsalar marayu. Lokacin da QGIS 3 ta fito a 2018 ta koma Python 3, manhajojin ɗori da dama sun daina aiki, domin marubutansu sun kama wasu harkoki. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da manhajar da dubbai suka dogara da ita.

Ba ina cewa a guje su ba ne. Kafin malami ya ba ɗalibai wata, ya duba yaushe aka sabunta ta, ko ana amsa ƙorafin masu amfani da ita, ko an yi mata alamar gwaji, sannan ya jarraba ta da wurin da ya riga ya san ma'auninsa. Hukumomin filaye kuwa, da duk ma'aikatar da ke yanke hukunci da taswira, su tsayar da jerin waɗanda suka gwada, su hana ɗora wasu. QGIS tana da tsarin da cibiyoyi ke biyan gudummawa duk shekara domin ɗaukar nauyin aikin. Jami'o'inmu da suka tsira daga kuɗin lasisi ya kamata su ware wani abu su shiga.