Ko Kun Sani?

Lofen taba na Turawa galibi ana sassaƙa shi ne daga kullutun saiwar biraya, wani ɗan itace da ke fitowa a tsaunukan gaɓar Bahar Rum, kamar Kosika da Aljeriya. Lofe mai santsi ya fi mai kaushi tsada, domin ba ya rufa asiri: ko ɗan ramin da tsakuwa ta bari sai ya fito fili.

A 1917 kamfanin Dunhill na Landan ya fito da samfurin lofe mai kaushi da ake kira Shell. Ana fesa masa yashi da ƙarfin iska, ɓangare mai taushi ya zaizaye, jijiyoyi masu tauri su tsaya kamar kunyoyin gona. Wannan ya fi burge ni: ga rashin nauyi, ba ya suɓucewa daga hannu mai gumi, ƙarzuwa kuma ba ta cika nunawa a jikinsa ba.