Neman shiga fim ko tallar tufafi: hoto ne ke fara yin sallama

A biranen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, matasa da dama, maza da mata, suna da burin su ga fuskarsu a fim, ko kuwa su taka dandalin nunin tufafi. Amma kafin mai shirya fim ya ji muryar ɗan takara, kafin mai ɗinkin zamani ya ga tafiyarsa, abin da ke fara isa gare su shi ne hoto. A nan ne da yawa ke faɗuwa tun ba a kira su ba, wasu kuma su yi asarar kuɗi, wasu ma har da mutunci. Don haka ya kamata iyaye, ƴan kasuwa ne ko ma'aikata, su san abin da ake nema da abin da ake gudu.

Jiya ba yau ba

Can baya, ido da ido ake zaɓen ɗan wasa. Umaru Ganda yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Bafaranshen nan Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir, wanda ya fito a 1958. Shi ne kuma ya zo ya ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu, wato FESPACO, a 1972. Zalika Sule ma tana yarinya ta fito cikin fim ɗin Mustafa Alasan mai suna Le Retour d'un aventurier a 1966. A wancan zamani masu sha'awar wannan sana'a kaɗan ne, kowa ya san kowa.

Abubuwa biyu suka sake lamarin. Na farko, finafinan bidiyo na Hausa da suka soma a Kano a 1990 da Turmin Danya, suka bunƙasa har suka riƙa jan matasa daga Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da kuma daga Damagaram ta hanyar Matamaye da Daura. Na biyu, bikin nunin tufafin Afirka na FIMA, wanda Alphadi ya buɗe a 1998 cikin hamadar Tigidit, kusa da Agadas. Tun daga nan masu nema suka fi gurbi yawa, zaɓen farko kuma ya koma kan hoto, domin ba wanda zai iya ganawa da kowa da kowa.

Hoton ɗan wasa dabam, na mai tallar tufafi dabam

Mai shirya fim fuska yake nema. Hoton da ake so shi ne wanda ya ɗauko daga ƙirji zuwa sama, idanu suna duban mai kallo, babu tabarau, babu hannu a haɓa. Idan za a wanke shi a takarda, girman da aka saba a ƙasashen waje shi ne santimita 20 bisa 25, a manna takardar bayani a bayansa: suna, shekaru, tsawo, harsunan da mutum ke ji, da wasannin da ya taɓa yi, ko da na lakwal ne ko na ƙungiyar unguwa. Hoto biyu sun isa, ɗaya da murmushi, ɗaya a natse, sai kuma na uku wanda ya nuna mutum a tsaye tun daga kai har ƙafa.

Su kuwa masu ɗaukar ƴan tallar tufafi, siffar jiki da tsayuwa suke dubawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ba su son kwalliya a hoton farko. Suna so a ɗauki mutum a jikin bango marar zane, da tufa mai sauƙi, ba jan baki, ba hoda, ba gashin kanti: ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, ɗaya a tsaye. Sai a haɗa da awo irin na tela, da lambar takalmi. Manyan kamfanonin waje kan nemi mace mai tsawon kusan mita 1,75, namiji kuma ya haura mita 1,80, kuma ranar ganawa za a sake awon, don haka ƙarin santimita a takarda ba ya da amfani. Sai wanda ya riga ya soma aiki ne ke buƙatar katin nan mai girman rabin takardar biro, babban hoto a gaba, ƙanana uku ko huɗu a baya.

Rana, bango da tazara

Ba tsadar na'ura ce ke gyara hoto ba, haske ne. Ranar tsaka a ƙasar Sahel tana dukan mutum daga bisa, ta sa inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, ta sa shi yamutse fuska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, ko kuwa a bakin zaure inda haske ke shigowa ta gaba. Hazon hunturu ma yana tausasa haske, sai dai a goge ƙura daga idon na'urar, a kuma shafa ɗan mai don kada fata ta yi furu-furu.

Akwai kuskuren da ya fi shafar baƙar fata. Na'ura tana auna hasken wurin gaba ɗaya. Idan mutum ya sa farar shadda ya tsaya gaban farin bango, sai ta rage haske, fuska ta fito duhu ba a ganin kamanninta. Bango mai launin ƙasa ko toka-toka, da riga mai launi ɗaya marar walƙiya, sun fi fito da fuska. Labulen sitidiyo mai zanen bene da furanni, wanda ya dace da hoton salla, a nan ɓata aiki yake yi.

Haka nan hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa ba ya shiga. Idan wayar salula ta matso kusa, hanci kan ƙara girma, kunnuwa su ja baya. Sai wani ya riƙe wayar daidai tsawon ido, ya ja baya kamar taku uku. Wajen aikawa kuma, WhatsApp yana rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba. A kuma sa wa kowane hoto sunan mai shi, don kada ya ɓace cikin tarin na wasu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne

Babbar jarrabawa ita ce ta gyaran fuska. Wayoyin yanzu suna haskaka fata, su share tabo da zane, su rage kumatu, wani lokaci ba tare da mai wayar ya sani ba. Amma wanda aka kira saboda hoto, in ya shigo da wata fuska dabam, an gama da shi, ga kuɗin mota ya tafi a banza. Alhali kuwa wushirya, ko tsagar gado, ko furfura, wataƙila su ne ainihin abin da mai fim ke nema, domin labari yana buƙatar uwa da kaka da ɗan dako, ba amarya kaɗai ba. Wanda ya yi ƙiba, ko ya rame, ko ya tsai da gemu, sai ya sake hoto.

Inda iyaye za su sa ido

Wannan sana'a ba ta rabu da ce-ce-ku-ce ba. A shekarar 2000 an yi zanga-zangar ƙin bikin FIMA a Yamai da Maraɗi. A 2007 kuma, bayan wani bidiyon sirri na wata ƴar wasa ya bazu a wayoyi, hukumomin Kano sun dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni. Darasin a fili yake: hoton da ya bar hannun mai shi ba ya dawowa.

Alamomin macuci sanannu ne. Shi ne mai neman kuɗin rajista kafin a yi wani aiki, alhali kamfanin gaskiya yana cire rabonsa ne daga ladan aikin da ya samo, yawanci kashi 20 cikin 100. Shi ne mai cewa sai a wurin mai hotonsa kaɗai za a ɗauka. Shi ne mai neman hoton tsiraici da sunan duba jiki, ko hoton katin ɗan ƙasa da fasfo tun ba a san biro ɗinsa ba. Shi ne kuma mai kiran yarinya ɗakin otal ita kaɗai. Wanda aka yi wa barazana da hotonsa yana iya kai ƙara, domin tun 2019 Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta intanet.

Kafin a aika komai, a binciki sunan kamfanin da finafinan da ya taɓa fitarwa. A rubuta yarjejeniya da mai hoto cewa ba zai liƙa hoton a ƙofar shagonsa ba, ba zai kuma sa shi a Facebook ba sai da izini. Wanda bai kai shekara 18 ba, kada ya je ko'ina sai da uba, ko uwa, ko wani babba na gida. Uban da ya zauna ya duba hotunan tare da ɗiyarsa kafin ta aika ya fi wanda ya hana, ta je ta aika a ɓoye.