Kafin Ka Miƙa Filasha a Kasuwar Kurmi

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake cin Kasuwar Kurmi, kuma har gobe ba za ka ga ɗan kasuwar nan ya bar littafin bashinsa a kan benci ya tafi masallaci ba. Sai ya jefa shi a durowa, ya murɗa makulli, ya sa a aljihu. Amma mutumin nan dai shi ne zai zaro filasha ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Kai, ruga ka bugo mini takardar kayan nan na mutanen Agadas, kofi biyu."

Takarda ɗaya ake nema. Ita kuwa filashar ta shekara tana haɗiyar kaya: hoton fasfo da aka ɗauka lokacin neman bizar Umara, takardar NIN, bayanan asusun banki na wata shida, takardar filin da aka saya a bayan gari, sunayen masu karɓar kaya bashi da lambobin wayarsu, samfurin sabbin jakunkunan fata da baduku bai ma kai ga fitarwa ba, da hotunan iyali na bikin da ya wuce. Duk wannan yaron ya riƙo a tafin hannunsa yana kutsawa ta layin 'yan turare da na masu kayan doki.

A shagon buga takardu layi ne. Mai kwamfuta ya karɓa ya soka, ya ce, "Wanne ne a ciki?" Yaro ya ce, "Wallahi Alhaji bai faɗa mini sunansa ba." Sai a shiga buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya ana dubawa, na bayansa a layi suna leƙe. Don aiki ya yi sauri, mai kwamfuta ya kwashe foldar gaba ɗaya ya zuba a fuskar kwamfutarsa, ya buga, ya karɓi kuɗinsa. Ba mugu ba ne, yawancinsu ba su da wata niyya. Sai dai foldar tana nan bayan yaro ya tafi, kuma hannu nawa ne zai taɓa wannan kwamfutar kafin magariba? Wanda ya samu cikakken sunanka da ranar haihuwarka da lambar NIN da sunan bankinka, ya samu abin da zai kira ka da shi ya ce daga banki ne, ya karanto maka bayananka har ka saki jiki ka ba shi lambar da aka turo maka.

Akwai abu biyu da mutane ke dogara da su, kuma duka ba su riƙe ruwa. Na farko, "ai kwamfutata tana da fasawod." Wannan kalmar kwamfutar take tsarewa. Da zarar fayil ya sauka a filasha, ya fita daga huruminta, kowace na'ura aka soka za ta buɗe shi. Na biyu, "ai na goge." Gogewa a filasha ko memori ba ta shafe abin da aka rubuta, sunan fayil kawai take cirewa daga jeri, ta nuna wurin a matsayin fili. Muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda kyauta ake sauke su, suna dawo da shi. Fomatin na gaggawa, wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, shi ma haka. Ƙananan manhajojin nan da ke alƙawarin "kulle folda" kuwa, da yawansu ɓoye ta kawai suke yi daga ido, wanda ya san kan kwamfuta zai fito da ita kafin shayinsa ya huce.

Abin da ke aiki shi ne ɓad-da-kama. Ana bi ta kan fayil da lissafi a dagula shi tun daga farko har ƙarshe, ya koma tarkacen lambobi marasa ma'ana, kuma babu abin da zai mayar da shi yadda yake sai kalmar sirrin da aka dagula shi da ita. Ko an kwafe shi, ko an dawo da shi bayan gogewa, tarkacen za a samu. Tsarin da aka fi amfani da shi yau sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, Amurka ta ɗauke shi a hukumance a 2001, kuma shi ne a cikin kusan duk manhajojin da za a ambata a nan. Ba a san wata hanya ta fasa lissafinsa kai tsaye ba. Masu fasawa kalmar sirri suke farauta.

Kada a ɗauka sakacin namu ne kaɗai. A watan Oktoban 2017 wani mutum ya tsinci filasha a titi a yammacin Landan, ya kai ta ɗakin karatu na unguwa ya soka. Ashe ta wani ma'aikacin filin jirgin sama na Heathrow ce, ɗauke da fayil sama da 1,000, ciki har da bayanan tsaro, babu kalmar sirri balle ɓad-da-kama. Mutumin ya miƙa ta ga jarida. A 2018 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci filin jirgin tarar fam 120,000. A watan Yunin 2022 kuma, a birnin Amagasaki na ƙasar Japan, wani ma'aikacin kamfanin kwangila ya sha ya yi tatil bayan tashi daga aiki, barci ya kwashe shi a titi, ya farka babu jakarsa. A ciki akwai filasha mai ɗauke da bayanan mazauna birnin kaf, mutum kusan 460,000. Abin kunya ne babba, hukumomi suka fito suka ba da haƙuri. Amma wannan filashar an ɓad da kamar abin da ke cikinta, kuma da aka gano jakar ba a ga alamar an buɗe ta ba. Sai dai jami'an sun so su yi ɓarin baki a gaban 'yan jarida, suka faɗi cewa kalmar sirrin harafi 13 ce, jama'a kuwa suka yi ta raha a intanet cewa sunan garin da shekarar, in aka haɗa, 13 ne cif.

To, yaya ake yi? Ga mai son ya miƙa wa wani fayil, a ganina babu kamar 7-Zip. Kyauta ce, ba ta da nauyi, wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ya fitar da ita tun 1999, kuma tana aiki a tsohuwar kwamfuta kamar yadda take yi a sabuwa. Za ka tara fayilolin a folda ɗaya a kwamfutarka, ka danna ta da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi 7-Zip, sannan Add to archive. A akwatin da zai buɗe akwai wurin rubuta kalmar sirri sau biyu. Ka bar nau'in ƙunshin a 7z, ka tabbata an rubuta AES-256, sannan ka sa alama a Encrypt file names. Wannan alamar mutane ke mantawa da ita, alhali in babu ita, wanda ya tsinci filashar zai ga sunayen fayilolin ko da bai iya buɗe su ba, kuma suna kamar "bashin Alhaji wane" ai ya riga ya ba da labari. In ka zaɓi nau'in zip, ka kula da wani tsohon tsari mai suna ZipCrypto da yakan fito da kansa. Rarrauna ne, an daɗe da sanin yadda ake karya shi. Bayan an gama, ƙunshin kaɗai za ka kwafa zuwa filasha. In ka yi aikin a cikin filashar kanta, ainihin fayilolin suna nan a buɗe kusa da kullallen, ka yi aikin baban giwa. Wanda za ka ba shi ma yana buƙatar 7-Zip, ko ZArchiver in a wayar Android zai buɗe.

In kuwa filashar taka ce ta kullum, kana so duk abin da ya shiga ya kullu da kansa, Windows tana da BitLocker. Ka danna filashar da maɓallin dama, ka zaɓi Turn on BitLocker, ka sa kalma. Daga nan duk kwamfutar da aka soka ta sai ta tambaya. Amma akwai sharuɗɗa. Windows nau'in Pro da na ma'aikatu da makarantu ne ke iya kullewa. Nau'in Home yana buɗe wadda aka kulle amma ba ya kulle sabuwa. Waya da talabijin da rediyon mota ba za su karanta ta ba. Kuma za ta ba ka wata lambar ceto mai alƙaluma 48 saboda ranar mantuwa. Ka buga ta a takarda ka adana a gida, kada ta zauna a jaka ɗaya da filashar. Akwai kuma VeraCrypt, ita ma kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, amma tana son wanda hannunsa ya ɗan faɗa. Akwai filasha masu madannan lambobi a jikinsu, irin su IronKey na Kingston. Suna da kyau, suna da tsada.

Takarda guda ta Word ko Excel ba ta ma buƙatar wata manhaja. A File, sai Info, akwai Encrypt with Password, kuma tun daga Office 2007 kullewar gaske ce. Kada a rikita ta da kariyar da ke hana gyara shafi kawai, wadda ba ta ɓoye komai. PDF ma haka: kalmar da ke hana buɗewa ita ce kariya, wadda ke hana bugawa ko kwafa cire ta ba wuya.

Yanzu sai kalmar kanta, inda yawancin ɓarnar take. Katin ATM yana wadatuwa da lamba huɗu ne saboda in ka kuskure sau kaɗan banki zai rufe shi. Fayil ɗin da aka kwafe babu mai rufe shi. Ɓarawo zai ajiye shi a kwamfutarsa, manhaja ta yi ta gwaji dare da rana. Lamba huɗu hanya 10,000 ce kacal, ba ta kai aikin minti ɗaya ba. Lambar wayarka, shekarar haihuwarka, sunan ɗan fari, sunan shago, 123456, 786: waɗannan ake fara gwadawa, kuma rabinsu suna rubuce a jikin allon shagonka ko a Facebook. Tsawo shi ne ƙarfi. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida na Hausa waɗanda babu abin da ya haɗa su, ba karin magana ba, ba aya ba, ba baitin waƙa ba, ka cusa lamba a tsakani. Abin da ka ƙirƙira da kanka ya fi sauƙin riƙewa a ka fiye da tarkacen alamomi takwas, ya kuma fi wuyar fasawa. Ka sani kuma, 7-Zip da VeraCrypt ba su da ofishin da za ka je ka ce ka manta. In kalmar ta tafi, fayil ya tafi. Saboda haka kada filasha ta zama ita kaɗai ce ma'ajiyar abu mai muhimmanci, musamman da yake kasuwa cike take da na jabu masu nuna girman da ba su da shi.

Kalmar sirri ba ta bin hanyar da filasha ta bi. In ka ba direban mota filasha ya kai Maraɗi, kada ka naɗe ta da takardar da ka rubuta kalmar, kada kuma ka faɗa wa direban. Ka kira mai karɓa ka gaya masa da bakinka bayan ta isa. Kowane mutum kuma da kalmarsa. Wadda ka ba abokin ciniki kada ta zama ita ce ta imel ɗinka ko ta manhajar banki.

Akwai iyakar da ɓad-da-kama ba ta wucewa, kuma gara a faɗe ta. Tana kare fayil ne a hanya da lokacin ɓata. Da ka rubuta kalmar a kwamfutar wani, fayil ya buɗe a can, kwafinsa na iya zama, kuma in kwamfutar tana ɗauke da manhajar da ke naɗe abin da aka danna, kalmar ma ta tafi. Don haka kullalliyar filasha ba ta zuwa shagon buga takardu. A sayi ƙarama ta daban domin aike, a sa mata takardar da za a buga ita kaɗai, a tsaya a ga an goge ta daga kwamfutar da kwandon shararta. In ta dawo a bincike ta kafin a buɗe, saboda bairos ɗin nan da ke mayar da folda gajeriyar hanya ta shagunan nan yake yawo. Wadda aka tsinta a ƙasa kuwa, ba a soka ta don a ga ta waye.

Masu riƙe da bayanan wasu, nauyinsu ya fi. Wakilin tafiye-tafiye da ke tara fasfon maniyyata, makarantar da ke ajiye sakamakon ɗalibai, asibiti, mai harkar POS, sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, duk Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta shafe su. Ta wajabta musu tsare bayanan da ke hannunsu, kuma in suka salwanta ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72.

Memorin waya shi aka fi sakaci da shi, shi ne kuma ya fi ɗaukar hotunan iyali. Wasu wayoyin Android suna da zaɓin kulle shi, sai dai kullin a ɗaure yake da wayar: ba zai buɗu a wata ba, kuma in aka mayar da wayar sabuwa fil ba a warware shi ba, abin da ke ciki ya salwanta. Saboda haka bai dace da miƙa wa wani ba. In za a kai waya gyara kasuwar waya ta Farm Centre, a zare memori da layi tun daga gida. In za a je wurin masu tura wa'azi ko fim, a tafi da memorin da babu komai a kai. Wanda kuma za a sayar ko a bayar kyauta, a yi masa cikakken fomatin a kwamfuta, a cire alamar Quick Format, a bar shi ya ɗauki lokacinsa. In abin da ya taɓa zama a ciki mai nauyi ne ƙwarai, a fasa kyautar, a sa masa guduma.