Taya Ta Girma, Allura Ba Ta Da Labari

Duk rahoton da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fitar, gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a jerin abubuwan da ke jawo haɗari, laifin kuma a kan direba yake ƙarewa. Babu mai tambaya ko allurar da direban ke kallo gaskiya take gaya masa. A a-kori-kurar da aka ƙara wa girman taya, ƙarya take yi, kuma mai motar ne ya biya kuɗin ƙaryar da hannunsa. Sauya taya ba laifi ba ne, amma a sauya a bar mita yadda take, rabin aiki ne.

Mota ba ta auna gudu kai tsaye. Juyawar taya take ƙirgawa, ta lissafa da girman da kamfani ya saita mata. Hilux da yawa na fitowa da taya mai lamba 265/65R17, wadda tsayinta milimita 776 ne. Idan aka ɗaga motar aka sa mata 285/70R17, tsayin ya koma 831. Kowane juyi ya ƙara cin ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, ƙwaƙwalwar motar kuwa tana nan kan tsohon lissafi. Allura na kan 100, mota na kan 107. Kada a raina bakwai ɗin: nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, wato kusan kashi 14 cikin ɗari, ga nauyin tayar kanta da birkin zai yi fama da shi.

Me ya sa ake ta sauyawa? Amsar da aka saba ji ita ce hanya. Wanda ke shiga ƙauye da damina, ko yake ratsa rairayin Agadas, yana son cikin motarsa ya yi nisa da ƙasa. Akwai kuma masu yi don ado, a gan su a sama. Duk gaskiya ne, sai dai waɗannan sun san sun sauya wani abu. Babbar matsalar tana wajen waɗanda ba su ma san sun sauya ba.

Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka saurari ciniki. "Ba ni sha bakwai guda huɗu." Shi ke nan. Lambar ƙarshe, ta girman wili, ita kaɗai ake kira. Ta farko, faɗin tayar, wani lokaci a duba ta. Ta tsakiya kuwa, 65 ko 70, wadda ke nuna tsayin gefen tayar, ita ce ke sauya lissafi, kuma ita ce ba a ambata. Tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023 sabuwar taya ta gagari mutane da yawa, aka koma gwanjo, a gwanjo kuwa abin da ya shiga wili mai kaurin zane shi ake ɗauka. Daga 265/65 zuwa 265/70 kaɗai, sama da kashi 3 cikin ɗari ya shiga tsakani.

Sannan aikin gyaran ba shi da mai shi. Mai faci ya ɗaura taya, ya buga iska, ya karɓi kuɗinsa. Bakanike bai ga abin da ya lalace ba. Mai wayarin ba a kai masa motar ba, tunda babu fitilar da ta kama. A Amurka, inda ɗaga a-kori-kura ya zama al'ada, saita mita sananne ne: a motocin Ford ana shiga da kwamfuta a sauya girman tayar a ƙwaƙwalwa, wasu kuma ana ɗaura musu ɗan akwati a kan wayar da ke kai saƙon gudu, tsofaffi masu kebur a sauya musu ƙaramin giya. Mu mun kwaikwayi tayar, mun bar saitin.

Illar ba a kan titi kaɗai take ba. Tafiyar Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ce, amma mitar mai babbar taya wajen 215 za ta rubuta. Ma'aikatar da ke auna man direba da kilomita za ta ga tafiya ta ragu, shan mai ya ƙaru, domin babbar taya tana wahalar da inji. Wa za a zarga? Direba. Juyen baƙin mai ma a makare za a riƙa yi, mai sayen motar a hannu kuma za a nuna masa lambar da ba ta kai wahalar da ta sha ba. Har na'urar taƙaita gudu da FRSC ta tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017, idan daga saƙon gudun da ke zuwa allura take karantawa, ita ma an yaudare ta. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Masu cewa an cika zuzutawa suna da 'yar hujja. Ƙa'idar da Turai ke bi ta hana allura nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ta nuna sama da shi, don haka kamfanoni kan bar ɗan rara. Ƙaramin ƙari na iya shigewa cikin wannan rarar, har allurar ta ƙara zama daidai. To, amma rarar an bar ta ne don kare direba, ba don mai sayar da taya ya cinye ba, kuma da wuya ta haɗiye kashi 7.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A samu miƙaƙƙiyar kwalta, direba ya riƙe gudu ɗaya, na kusa da shi ya duba abin da GPS na waya ke nunawa. Idan ya wuce allura, a nemi mai saiti. Ma'aikatu da ƙungiyoyi masu tarin Hilux su ya kamata su fara: su rubuta lambobin nan uku a takardar sayen taya, su ƙi karɓar duk wadda ta saɓa. Ranar da manyan masu saye suka fara mayar da kaya saboda lambar tsakiya, 'yan kasuwa za su koyi kiranta.