Kumburin ƙafa: abin da jiƙo zai iya, da abin da ya fi ƙarfinsa

A kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maradi, da wuya ka wuce mai saiwoyi ba ka ji ya ambaci kumburin ƙafa cikin cututtukan da yake magani ba. Wasu kan ce sanyi ne, wasu su ce mutum ya taka sammu. Sai a koma gida da ƙullin sassaƙe, a jiƙa, galibi da ɗan kanwa a ciki.

Likitoci kuwa na ɗaukar kumburin ƙafa a matsayin alama, ba cuta ba. Ruwa ne ke taruwa a ƙarƙashin fata, shi ya sa idan aka danna ƙwauri da yatsa sai rami ya tsaya. Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne: doguwar tsayuwa, zafi, ko zaman mota daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Wani lokaci kuma zuciya ce ta gaza, ko ƙoda, ko hanta.

Akwai tsirran da ke da amfani. Zobo, wanda ake kira bisap a Yamai, yana ɗan ƙara fitsari kuma yana sassauta hawan jini. Wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa kofi uku a rana har mako shida ya rage awon jini na sama da kusan maki 7. Amma wannan zobo ne ba sukari, ba na leda mai zaƙi ba. Tafarnuwa ma na ɗan taimakon hawan jini, sai dai ita da citta, idan an yawaita, na iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Ganyen zogale abinci ne mai gina jiki, amma ba ya gyara ƙodar da ta lalace.

Babbar matsalar ita ce kanwa. Sinadarin da ke cikinta ɗan uwan na gishiri ne, yana riƙe ruwa a jiki, don haka jiƙo mai kanwa na iya ƙara kumburin da ake son saukarwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciya ga masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin.

Akwai kumburin da ba ya jiran jiƙo. Mai ciki da ƙafa, hannu da fuska suka kumbura, ga ciwon kai da dishi-dishin gani, na iya kasancewa dab da jijjiga. Ƙafa ɗaya da ta kumbura da zafi na iya zama gudan jini a jijiya. Haka wanda numfashi ke yi wa wuya in ya kwanta. Mai ciwon suga kuma ya guji tsaga, ƙaho da gasa ƙafa da ruwan zafi, domin ƙafarsa ba ta jin ƙuna sosai, kuma ƙaramin gyambo na iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Ga kumburi mai sauƙi, ɗaga ƙafafu sama da ƙirji in an kwanta, tattaki da rage gishiri na taimakawa. Idan ya kwana biyu bai sauka ba, awon jini a CSI mafi kusa ba ya cin minti biyar, kuma ya kamata a gaya wa ma'aikacin lafiya duk jiƙon da ake sha.