Ƙarfen Tokara A Ƙaramar Mota: Abin Da Direbobin Potiskum Ya Kamata Su Sani

Ranar Laraba, ranar da kasuwar shanu ta Potiskum take ci, ba manyan motoci kaɗai suke cika garin ba. A tsakanin tirelolin da ke lodin shanu zuwa kudu akwai ƙananan motoci barkatai, masu shigowa daga Fika da Damagum da Azare da Gashuwa, kowace ta sha mutane da kaya har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Da yawa daga cikinsu Golf ne da ire-irenta, waɗanda aka ƙera domin mutum biyar a kan titunan Turai masu santsi, yau ga su suna fama da rami da gargada da zafin rana na Jihar Yobe.

Motar da ta daɗe tana irin wannan wahala takan fara nuna gajiya. Sai ta riƙa lilo a kan kwana, sitiyari ya yi sako-sako, ƙofa ta soma ƙin rufuwa sosai. Daga nan mai mota yakan nufi wurin makaniki ko mai walda, a ba shi shawarar a ƙara mata ƙarfe don jikinta ya ɗaure. Wannan ƙarfe da ake gittawa daga wani sashe na jikin mota zuwa wani, shi ne ƙarfen tokara. Yana da amfani idan an zaɓe shi da sani, yana kuma da haɗari idan an ɗora masa aikin da ba nasa ba.

YADDA JIKIN MOTA YAKE

Babbar mota irin ta ɗaukar shanu tana da shasi dabam, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri waɗanda aka ɗora injin da bodi a kansu. Shi ya sa mai walda yake iya ƙara wa shasin tirela faranti, ko ya ƙara mata ganyen sifirin. Mutanen Potiskum sun saba da wannan aiki, domin garin ya yi suna wajen harkar manyan motoci. To, amma ƙaramar mota ba haka aka gina ta ba. Bodinta shi ne shasinta. Falle-fallen ƙarfe marasa kauri aka lanƙwasa aka haɗe, suka zama kamar akwati guda, kuma ƙarfinta yana cikin siffar akwatin nan. Kamfanin Lancia na Italiya ne ya fara fito da irin wannan ƙira a 1922, Citroën na Faransa ya yawaita ta daga 1934, yanzu kuwa kusan duk ƙaramar mota haka take.

A gaban Golf da galibin ƙananan motoci, kowace ƙafa tana da shokozoba guda da sifirin a jikinta, kansu yana ɗaure a wani tudu na bodi da ake gani dama da hagu idan an buɗe bonet. Duk lokacin da mota ta sha kwana ko ta faɗa rami, dukan yana hawowa ya sauka a kan tuddan nan biyu. Tsakaninsu kuwa fili ne, sai injin. Saboda haka sukan ɗan motsa, kuma idan sun motsa, tsayuwar taya a kan titi takan canza. Motsin ɗan kaɗan ne, ido ba ya ganinsa, amma hannun direban kirki yana jin sa a sitiyari, musamman a motar da ta tsufa.

IRE-IREN ƘARFEN

Wanda aka fi sani shi ne na sama, wanda ake gittawa a kan injin ya haɗa tuddan shokozoba biyu, don dukan da ya sami ɗaya su raba shi tare. Akwai mai ƙafa uku, wanda bayan ya haɗa tuddan yakan kuma kama bangon da ya raba injin da mazaunin direba. Wannan ya fi riƙo, domin kowane magini ya san kusurwa uku ba ta lanƙwasuwa da sauƙi. Na biyu shi ne na ƙasa, mai haɗa wuraren da hannayen ƙafafun gaba suke ɗaure. Yana aiki ƙwarai, sai dai yana rage tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa, kuma wanda yake bin hanyar ƙauye da damina ya san abin da wannan yake nufi. Na uku shi ne na baya, wanda ake gittawa cikin but. Ga mai haya wannan yana cin wurin kaya, amfaninsa kuma bai taka kara ya karya ba a motoci irin Golf, waɗanda ƙafafunsu na baya suke haɗe da ƙarfe guda tun daga kamfani.

Akwai kuma wani ƙarfe da mutane sukan rikita shi da waɗannan, wato sitabilaiza. Ita tana cikin kayan ƙafa, aikinta murɗewa ne don ta rage jirkicewar mota a kwana. Canza ta ya fi taɓa halin mota fiye da kowane ƙarfen tokara. Idan an sa mai kauri da yawa a gaba, mota takan ƙi bin sitiyari ta nufi gefen titi. Idan a baya aka sa, bayan motar ne yakan nemi zamewa. Ba abin da za a yi da ka ba ne.

ABIN DA ƘARFEN BA YA YI

Nan ne babban kuskure yake. Ƙarfen tokara ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Ƙaramar mota yawanci an yarje mata ɗaukar kilo 400 zuwa 500, har da direba, kuma kamfani yakan rubuta iyakar nauyin a wani ɗan faranti a jikin ƙofa ko cikin bonet. Mutum biyar manya sun kusa cinye wannan. Idan aka cusa mutum bakwai, aka ƙara buhun hatsi biyu masu kilo 100 kowanne, an wuce iyaka nesa. Nauyin nan yana kan taya da birki da sifirin da borin ƙafa, ba kuma ɗaya daga cikinsu da ƙarfen da ke kan injin yake taimaka wa. Abin tsoro ma shi ne, direba ya ji mota ta ɗaure ya sami ƙarfin gwiwar ƙara gudu, alhali tazarar da take bukata kafin ta tsaya ta ƙaru saboda lodi.

Dattawan direbobi sukan tuna da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, su ce ita ce motar da ta san hanyar ƙasar nan. Gaskiyarsu, har ma ta ci gasar tseren Safari ta Afirka ta Gabas a wannan shekarar. Amma ita ma bodinta shi ne shasinta. Sirrinta yana cikin ƙafafunta masu doguwar tafiya sama da ƙasa, waɗanda suke shanye duka kafin ya kai ga jiki. Darasin a fili yake: lafiyar mota a kan mummunar hanya daga ƙafa take farawa.

Saboda haka mai hankali yakan bi abin daki-daki. Ya fara da taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da ta daɗe takan yi tauri ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba, kuma a zafin Afrilu irin na Potiskum ita ce mai fashewa. Sai iska, a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi. Sai shokozoba, sai robobin ƙafa, sai kan tayirod, sannan a kai mota a yi mata saitin ƙafa. Sau da yawa idan an gama wannan, lilon da ake kuka da shi ya tafi. Wanda ya ɗora ƙarfen tokara a kan matacciyar shokozoba ya yi gini a kan toka.

YADDA ZA A ZAƁA

In an gyara waɗancan kuma har yanzu ana son ƙari, to sai a lura da abubuwa kaɗan. Da farko a duba tuddan shokozoba da kyau. Idan akwai tsatsa ko tsaga, ko motar ta taɓa yin karo aka miƙe ta, sai fanal bita ya fara gyara wurin, domin ƙarfe mai ƙarfi a kan ruɓaɓɓen wuri yage shi zai yi. Na biyu, a nemi wanda aka yi domin irin motar, ko sabo ko na Beljiyam, kamar yadda ake samun kayan mota a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ya zauna a kan kusoshin da ke wurin ba tare da an tilasta shi ba, kada ya taɓa injin ko wayoyi, kuma bonet ya rufu lafiya. Na uku, wanda yake guda ɗaya ba gaɓa ya fi mai lanƙwasawa a bakinsa, miƙaƙƙe kuma ya fi mai yawan kwana. Baƙin ƙarfe ya fi alminiyam tauri kusan sau uku idan girmansu ɗaya, don haka siririn alminiyam mai ƙyalli ado ne kawai. Bututu mai faɗi ya fi rodin gini, wanda nauyi gare shi amma saurin lanƙwasa.

Masu walda na gida suna iya ƙera mai kyau, muddin sun auna da kyau sun kuma yi shi a waje, a zo a ɗaura da noti lokacin da mota take tsaye a kan ƙafafunta a wuri mai daidai. Walda kai tsaye a jikin bodi ita ce abin gudu. Zafi yana raunana siririn ƙarfe, yana ƙone fentin da ke hana tsatsa, wutar waldar kuma tana iya lalata kwamfutar injin idan ba a cire batir ba.

Akwai kuma wurin da bai kamata a taɓa ba ko kaɗan, wato hancin mota daga ƙafafun gaba zuwa bamba. Da gangan aka yi shi ya murƙushe in an yi karo, domin ya shanye dukan maimakon mutanen da ke ciki. Wani injiniya mai suna Béla Barényi ne ya ƙirƙiro wannan dabara, Mercedes-Benz ta fito da ita a motocinta a 1959. Wanda ya cusa rodi ko ƙarfen kwana a wurin yana ganin ya ƙarfafa mota, nan kuwa ya buɗe wa duka hanya ne zuwa ƙirjin fasinja.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen direbobi a kan gudu da lodin wuce kima da tsohuwar taya. Shugabannin tasha da makanikai su ma suna da nasu rabon, domin su ne direba yake jin maganarsu kullum. Makanikin da ya gaya wa mai mota ya fara sayen taya kafin ƙarfe, wataƙila ya rasa cinikin yau, amma ya tsare amana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.